Tambaya da Amsa: Na danna B da I, rubutun ya fito wani iri

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar dizain ce, an ba ni aikin fostar gasar tsere, na zaɓi font (wato salon haruffa) marar ƙafa ɗin nan, wanda ba shi da 'yan ƙananan layuka a ƙarshen haruffa, na danna B na danna I don ya yi kauri ya karkata irin na kamfanonin wasanni, amma wallahi sai ya fito kamar an bi ta kansa da mota. Ina matsalar take? Kuma zan iya rubuta duk bayanin fostar da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Matsalar ba daga hannunki take ba. In font ɗin da kika ɗauka ba shi da nasa mai kauri karkatacce wanda mai zanen ya zauna ya zana, to kwamfuta ce za ta yi miki na jabu, ta ture haruffan gefe kawai ta lafta musu kauri, shi ya sa za ki ga O da S sun kumbura ta wani gefe sun rame ta wani, ramin cikin a da e kuma ya kusa toshewa. Mai zanen gaske bayan ya kwantar da harafin sai ya koma ya gyara lanƙwasar ɗaya bayan ɗaya har ido ya daina jin ciwo. Karkatar ma ba ta da yawa fa, ta font ɗin Helvetica digiri 12 ce kacal.

Don haka ki duba jerin iyalan font ɗin, ki nemi wanda aka rubuta Bold Italic ko Bold Oblique a sunansa. Misali Futura, font ɗin da Paul Renner ya zana aka fitar a Jamus a 1927, tana da shi, irinta ce a jan tambarin kamfanin tufafi na Supreme, kuma da ita mai zanen nan ta Amurka Barbara Kruger ta yi suna wajen ɗora farin rubutu a kan ja. Kin ga shekara kusan ɗari ke nan amma har yanzu ba ta tsufa ba, ni kam ina sonta.

Zaɓinki na tsere ya yi daidai, harafin da ya sunkuya gaba kamar mai shirin zabura yake, kaurin kuma ya sa a hango shi daga nesa.

Amma duk bayanin fosta? A'a, don Allah kar ki yi. Wannan rubutun ihu ne, kalma uku zuwa biyar ya ishe shi, sunan gasar da kwanan wata shi ke nan. Wurin taro da yadda ake rajista ki sa su da miƙaƙƙen rubutu siriri, in ba haka ba mai karatu zai gaji tun a layi na biyu. Ki kuma lura da tazara in manyan haruffa ne, L kusa da T ko A kusa da V sukan bar rami a tsakani, sai kin matso da su da hannu.

In akwai Hausa a fostar, ki fara buga ɓ ɗ ƙ ki gani tukuna, da yawan irin waɗannan font ɗin ba su da su, sai ki ga ƙ ɗinki ta fito siririya a miƙe ita kaɗai a tsakiyar kalma.