Amsa ga ƙanwarmu mai son karanta igiyoyin girabiti

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce da ake yi a tsaitsaye ba. Kin ce kina aji uku a fiziks, labarin igiyoyin girabiti ya shiga ranki, kina so ki san yadda aikin yake, ko ɗiyar nan gida za ta iya kaiwa can, kuma ko ana ci da shi, tunda Baba ya fara tambaya. Tun 2017 nake cikin wannan fage, na yi digiri na uku a kansa a Turai, yanzu ina kwantiragin bincike na biyu. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Saboda 'yan uwa da ba fanninsu ba ne: girabiti shi ne ƙarfin da ke janyo mangwaro ƙasa, shi ke riƙe wata a kewayen duniya. A 1916 Einstein ya lissafa cewa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka yi wa juna kewaye da gudu, sarari kansa yana miƙewa yana tsukewa, motsin ya bazu kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa tsakuwa. Wannan motsi shi ake kira igiyoyin girabiti. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a kama shi kai tsaye.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne, mafi yawan kwanakinmu ba a kallon sama muke yin su ba. Farautar hayaniya muke yi. Na'urar LIGO, wadda ke kama waɗannan igiyoyi, guda biyu ce a Amurka, ɗaya a Hanford ta jihar Washinton, ɗaya a Livingston ta jihar Luwiziyana. Kowacce tana da hannu biyu, tsawon kowane kilomita 4, hasken leza na kai da komowa tsakanin madubai masu nauyin kilo 40 da aka rataye. In igiya ta wuce, hannu ɗaya ya ɗan ƙaru, ɗaya ya ɗan ragu. Amma wannan “ɗan” bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, wato ɗan ƙwayar da ke cikin tsakiyar atam. To na'urar da ke jin wannan, me ne ne ba za ta ji ba? Tana jin babbar mota a hanya, tana jin masu sare itace a dajin Luwiziyana, tana jin girgizar ƙasa daga wata nahiya. A 2017 an yi ta ganin wani tsalle a bayanan Hanford, da aka bi sawu sai aka tarar hankaki ne ke zuwa da zafin rana suna caccakar ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyi.

Ni nawa rabon ya zo a 2019, lokacin da na'urorin ke zango na uku na sauraron igiyoyi. Malamin da ke duba aikina ya ba ni wata irin hayaniya da ke fitowa a hoton bayanai kamar bakan gizo, wani a kan wani, ya ce in gano abin da take bi. Kowace na'ura tana da ƙananan ma'aunai da ke rubuta motsin ƙasa, iska, zafi, wutar lantarki da sauransu, layukan bayanansu sun haura 200,000. Makonni na yi ina jera su ina kwatantawa. Na tuna wani dare cikin azumi, na sha ruwa da dabino uku a gaban kwamfuta, ofis ba kowa sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Na ɗora jadawalin hayaniyar a kan na motsin ƙasa, sai na ga suna hawa tare suna sauka tare. Duk ranar da teku ta yi tashin hankali, dukan da ruwa ke yi yana ratsa ƙasa ya ɗan kaɗa kayan da ke kusa da madubi, haske ya fantsama ya dawo inda bai kamata ba. Manyanmu sun riga sun san wannan, ba ni na fara ganowa ba. Amma ranar na gan shi da hannuna, na zauna na yi shiru na daɗe. In kin ji irin wannan daren zai faranta miki rai, to aikin naki ne.

Me ya sa muke wannan tsanani? Saboda fagen ya taɓa ƙonewa. A 1969 Joseph Weber ya sanar cewa ya kama igiyoyin da manyan sandunan alminiyam, wasu suka gina irin nasa ba su ga komai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa ranar 14 ga Satumba 2015, da sigina ya shigo Livingston, ya isa Hanford bayan kashi 7 cikin 1000 na daƙiƙa, ba a yi guɗa ba. Marco Drago, wani matashin mai bincike a Hanoba ta Jamus, shi ya fara ganinsa, kuma abin da aka fara zato shi ne gwaji ne, domin a 2010 an taɓa cusa siginan ƙarya da gangan don a jarraba jama'a. Wata biyar aka yi ana tankaɗe da rairaya kafin a sanar ranar 11 ga Fabrairu 2016: baƙaƙen ramuka biyu (abubuwa a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa janyowarsu), ɗaya ya yi nauyin rana kusan sau 36, ɗaya sau 29, sun haɗe a nisan da haske zai yi shekara kimanin biliyan 1.3 yana tafiya, nauyin da ya kai na rana sau uku ya narke ya zama igiya cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ina tsakiyar digiri na biyu a lokacin. Aka mayar da siginan sauti, ɗan “wup” mai hawa sama, na sa abin kunne na yi ta maimaita shi har dare ya raba.

Takardar da ta ba da labarin, sunaye sama da dubu ne a kanta. Kyautar Nobel ta 2017 mutum uku ta je wa, Rainer Weiss da Kip Thorne da Barry Barish. Weiss tun 1972 ya rubuta tsarin na'urar, kuma LIGO ta farko ta yi sauraro daga 2002 zuwa 2010 ba ta kama ko ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yi digirinsu suka gama a cikin wannan shirun. Mai son a ji sunansa shi kaɗai zai sha wuya a nan. Ni kuwa wannan taron dangin na cikin abin da ya riƙe ni. Kuma mata na ciki har sama: Gabriela González 'yar Ajantina ce kakakin haɗakar masu binciken LIGO ranar sanarwa, Nergis Mavalvala kuwa a Karachi ta tashi, ta zama shugabar tsangayar kimiyya ta jami'ar MIT a Amurka.

Batun hanya. Akwai masu gina na'ura, akwai masu lissafin ka'ida, akwai mu masu tace bayanai. Daga gida ƙofa ta uku ce ta fi kusa, don ba ta neman ɗakin gwaji, kwamfuta da intanet take so. Ki riƙe lissafinki da kyau, musamman aljabara ta layi, ƙididdiga da yiwuwa, da lissafin Fourier mai rarraba sigina zuwa sautukan da suka haɗa shi, wanda shi ne tuwonmu na kullum. Ki koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, yanzu, kada ki jira a koya miki a aji. Ni sai bayan bautar ƙasa na fara, ina koyar da fiziks a wata sakandare, ina cajin laftof a shagon mai cajin waya in an ɗauke wuta, kuma wannan jinkirin na biya kuɗinsa daga baya. Ki kuma nemi sakamako mai kyau da malamai biyu da suka san ki da gaske, domin wasiƙar shaidarsu tana da nauyi ƙwarai.

Bayan digirin farko, ki duba AIMS, makarantar kimiyyar lissafi ta Afirka, tana da cibiyoyi a Afirka ta Kudu, Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda. Ki duba difloma ta cibiyar fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda aka tsara don ɗaliban ƙasashe irin namu, da shirin karatun ilimin taurari na NASSP na Afirka ta Kudu. A gida, jami'ar Nsukka ta daɗe da sashen fiziks da ilimin taurari. Kada ki raina Afirka ta Kudu: faranti 64 na MeerKAT, na'urar sauraron igiyar rediyo daga sararin samaniya, a yankin Karoo suna auna bugun wasu taurari masu juyawa da sauri, wata hanya ce daban ta neman igiyoyi masu tsawon gaske. Fagen kuma faɗi yake ƙarawa. Ga na'urori irin LIGO: Virgo kusa da Pisa a Italiya, ga KAGRA a ƙarƙashin dutse a Japan, Indiya ta amince da gina tata, Turai na shirin harba wata mai suna LISA sararin samaniya wajen 2035.

Sai tambayar Baba, kuma yana da gaskiyar yin ta. A yawancin wurare ɗalibin digiri na uku a wannan fanni biyansa ake yi. Za ki ci, ki biya haya, ki ɗan aika gida, ba za ki yi kuɗi ba. Wahalar tana bayan nan. Kwantiragin bincike shekara biyu ne ko uku, in ya ƙare ki naɗe kaya ki koma wata ƙasa, kujerun dindindin kuma ba su kai yawan masu nema ba. An taɓa hana ni bizar zuwa taron da zan gabatar da aikin shekara guda, wani abokin aiki ya karanta a madadina. Lokacin da Hajiyarmu ta kwanta asibiti, ta waya na yi jinya, wannan har yau yana ci mini rai. Maganar aure ma a yi ta tun da wuri, a fili. Ni maigidana ya san da wannan yawon kafin a ɗaura, duk da haka ba kullum yake da sauƙi ba. Da yawa cikin waɗanda muka fara tare sun koma aikin nazarin bayanai a kamfanoni, suna samun fiye da ni, kuma ban ga sun yi asara ba. Ki gaya wa Baba wannan: ko ba ki zauna a fagen ba, lissafi da kwamfutar da za ki koya sana'a ce a hannu.

Kafin ki yanke komai, ki gwada. Bayanan LIGO da Virgo a buɗe suke kyauta a shafin GWOSC, har da darussa. Ki sauko da daƙiƙa 32 na ranar 14 ga Satumba 2015, ki tace su da kanki har siginan ya fito daga cikin hayaniya. In Python ɗinki bai kai ba tukuna, ki fara da shirin Gravity Spy a shafin Zooniverse, inda ake rarraba irin hayaniyar da na ba ki labari. Ki ba shi hutun zango ɗaya. Duk inda kika maƙale ki ɗauki hoton allon ki turo nan, ina leƙowa ranar Asabar in Allah Ya yarda. Ki gaida Baba.