Direbana ya ƙi haɗuwa a injin 32-bit

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, dan Allah a taimaka mun. Ina rubuta direban faifan ajiya (manhajar da ke sarrafa faifan) na Linux, a kwamfutata mai 64-bit komai lafiya lau, amma da na kai shi injin 32-bit sai ya ƙi haɗuwa wai bai ga __udivdi3 ba. Abokina ya ce in maida lambar sakta da nake rabawa daga 64-bit zuwa u32 (lamba mai 32-bit) kawai in huta. In yi?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka kuskura ka bi wannan shawarar, wallahi ita ke cinye wa mutane bayanansu. Sakta ɗaya, wato ƙaramin yankin faifai, bait 512 ce, u32 kuma ƙarshenta 4,294,967,295, to in ka ninka iyakarka terabait 2 kenan, da faifan ya wuce haka sai lambar ta zagayo ta koma sifili, kai kana ganin kana rubutu can ƙarshe ashe kana taka teburin rabon faifan da ke farko, kuma ba ƙorafin da zai fito, shiru kawai sai ranar da aka kunna ya ƙi tashi.

Shi saƙon kuskuren ma gata ya yi maka. Injin 32-bit ba shi da umarni ɗaya da zai raba lamba 64-bit da wata 64-bit, sai GCC, manhajar da ke haɗa direban, ya nemi taimakon libgcc, ma'ajiyar da __udivdi3 mai yin rabon take ciki, shi kuma kanel, wato zuciyar Linux, a injinan x86 da ARM da gangan ba ya jawo ta saboda rabon na da nauyi. A ARM sunan da za ka gani __aeabi_uldivmod ne.

Ka sa fayil ɗin linux/math64.h, wanda ke ɗauke da hanyoyin rabo na kanel. In abin da kake rabawa da shi 32-bit ne ɗauki div_u64, kana son saura div_u64_rem, in shi ma 64 ne div64_u64. Rabawa da 512 kuwa >> 9, wato tura lambar bit 9 zuwa dama, ya isa.

Sai do_div, wata hanyar rabon, nan mutane ke faɗawa rami. do_div(n, 10) cikin n ɗin yake zuba amsar, abin da yake dawo maka da shi saura ne. n = 47, ka rubuta x = do_div(n, 10), x zai zama 7, n ta koma 4, 47 ɗinka ta tafi, don haka kwafe ta tukuna in kana buƙatarta gaba. Kuma kar ka ba shi mai rabawa 64-bit, yanke saman yake, in ƙasan duk sifili ne ka raba da sifili kenan kanel ya faɗi.

In ka gyara ka gwada da faifan da ya haura terabait 2, ko na kwaikwayo ne, a injin 32-bit ɗin kansa.