Kada ka watsa wa bangon nan siminti

Jiya muna kan tsani ka tambaye ni me ya hana mu yi wa bangon alƙibla filasta da siminti mu huta, tunda masu unguwa sun tara kuɗin. To, zauna ka ji, ɗana.

Masallacin nan namu na Gangare da tubali aka tashe shi. Mutanen da haƙar kuza da fatauci suka kawo Jos daga Kano da Zariya da Bauchi, da hannun ginin garuruwansu suka zo. Sai dai ruwan Jos ba irin na Kano ba ne, shi ya sa suka fara jera dutse har gwiwa kafin su ɗora ƙasa, daga baya kuma aka rufa kwano a kan soron.

Bangon ƙasa yana shan danshi, rana ta fito ya fitar. In ka lulluɓe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, tubali ya dinga narkewa a ciki alhali waje sumul. Ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Ni da kaina na taɓa yi wa wani zaure haka ina matashi, damina ta uku filastar ta ɓalle, ta tafi da rabin bangon. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da bangon nan ya sani shi ne yaɓen ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke hana ruwa ratsawa.

Ginshiƙan da kake cewa sun cushe sahu ma da dalilinsu. Azara ce a sama, daga giginya ake faskaro ta, gara ba ta cika cinta ba, amma in tazara ta wuce kamu 4 sai ta fara lanƙwasa. Mai son fili sai ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini na azara da ƙasa mai tallafe rufi ba sai da ginshiƙi a tsakiya ba. Ranar Asabar ka je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ka nemi ɓangaren gine-ginen gargajiya. Akwai kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen 1830. Ka ɗaga kai ka dubi yadda bakunan suka haɗu.

Gobe ka zo da wuri mu kwaɓa ƙasa da ciyawa. Sai ta kwana biyu ta tsumu kafin mu fara yaɓe, kuma ta gefen mihrabi za mu soma.