Ƙanena zai shiga Depot ta Zariya, me zai tarar?

Malam, ka ce an ɗauki ƙanenka soja, kana tambayar irin rayuwar da zai tarar. To, Depot ta Zariya tun 1924 take horar da kurata, kuma horon kan kai wajen wata shida. Ba ɗaya ba ce da NDA ta Kaduna, can hafsoshi ake yayewa.

Ranar farko za a yi masa aski ƙwal, ya manta da maganar waya. Tun kafin assalatu an tashe su gudu, daga nan sai fareti a rana, ana "hagu, dama" har ƙafa ta daina jin kanta. Mutum ɗaya ya yi kuskure, duk ayarin ne za su sha tsallen kwaɗo. Wannan shi ya fi ƙona rai da farko, amma da gangan ake yi, don kowa ya zama mai lura da ɗan'uwansa. Daga baya sai koyon kwance bindiga da haɗa ta, harbi, karanta taswira da kwanan daji.

Shawarata, ya fara gudun safe tun yanzu. Kuma ku shirya wa Hajiya zuciya, don ranar faretin yaye su sai ta duba sau biyu kafin ta gane shi.