Amsar tambayar Auta a kan jana'izar Samanja

Assalamu alaikum. Auta, ɗana, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya, ya sa kwanciya hutu ce.

Saƙonka ya same ni tun shekaranjiya, na karanta shi sau uku kafin na iya ɗaukar biro. Ka ce a can Ingila ka ga yadda ake binne tsohon soja, a lulluɓe akwatinsa da tuta, a busa begila, wani lokaci har a harba bindiga sama. Sai ka tambaye ni don me mutumin da ya yi shekara 30 cikin kaki zai cika da asuba, kafin azahar an rufe shi, ko tuta ba a ɗora masa ba, kai ma ba a jira ka ba. Ka kuma tambayi ko za ku iya shirya taron tunawa da shi ranar arba'in, da abin da za a yi da kakinsa da lambobinsa. Ban ga laifinka ba. Wanda bai ga gawar mahaifinsa ba, zuciyarsa takan daɗe tana gardama. Amma sai na fara ba ka labarin mutumin, don kai da wayonka tsoho ka tarar, mai sanda da rediyo a ƙofar gida.

A 1961 ya tafi makarantar kuratan soja ta Zariya, ina ɗan shekara 11. A garinmu a lokacin ba a ɗaukar aikin soja a bakin komai, cewa ake yi aikin waɗanda suka gagari iyayensu ne, alhali gwamnatin Sardauna tana ta kiran samarin Arewa su shiga. Kakanka ya yi kwana uku bai ce masa uffan ba. Sai ranar tafiya ya kira shi zaure ya ce masa kada ya bar salla, kada kuma ya ci zalin wanda ba ya riƙe da bindiga. A 1963 aka kai su Kwango aikin kiyaye zaman lafiya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo mana da shuɗiyar hula da rediyo na farko da ya taɓa shiga gidanmu.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Yana Runduna ta Ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ke jagoranta, suka bi ta Nsukka suka shiga Enugu a watan Oktoba. Tabon nan na ƙaurinsa na hagu, wanda kuke tambayarsa yana cewa kaikayi ne, a can ya samo shi. Kafin yaƙi sojojin ƙasar nan duka ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, aka gama sun doshi dubu 250. Ka ga ke nan yawancin waɗanda aka turo masa, shi da ke kofur mai igiya biyu, yara ne da aka ba horon 'yan makonni aka miƙa musu bindiga. Da hannunsa ya binne da yawa daga cikinsu. Yaya ba ya maganar yaƙin nan. A tsawon zamanmu sau ɗaya tak ya buɗe mini cikinsa, da daddare a kan dakali, bayan ya yi ritaya. Ya ce akwai waɗanda suka rufe su uku huɗu a rami guda, da takalmansu, ba ruwan wanka, ba wanda ya san sunan garinsu. Ya ce tun daga lokacin addu'arsa ɗaya ce a kowace sujada: Allah ya ɗauki ransa a kan tabarmarsa, 'yan'uwansa su yi masa wanka, a sallace shi a ƙofar gidansa.

Auta, abin da ka ɗauka an tauye masa, shi ya yi shekara fiye da 50 yana roƙo.

Da na buɗe akwatinsa na ƙarfe da safiyar ranar, wanda aka rubuta lambarsa ta soja a jiki da farin fenti, abin da na fara tararwa a sama likkafani ne. Da kansa ya saye shi, ya tafi da shi aikin hajji ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya, ya naɗe. Kakin yana ƙasa, a goge, likkafanin yana bisa kansa. Haka ya jera su, kuma ni na fahimci abin da yake nufi. Ni da liman da babban yayanka muka yi masa wanka. Aka fito da shi a makara, sahu ya cika layi har ya karya kwana, aka yi kabbara huɗu, aka ɗauka.

Gaggawar da ta yi maka ciwo umarni ne na Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya ce a gaggauta kai mamaci. Sarki ma in ya rasu ba a kwana biyu ana jiran baƙi, kuma farin yadin da za a naɗe shi da shi ba ya fin na mai gadinsa. Game da tuta kuwa, ka tuna Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya riƙe tutar Musulmi a yaƙin Uhudu har ya yi shahada. Mayafin da aka samu na rufe shi, in an ja kai ƙafafu su fito, in an ja ƙafafu kai ya fito, sai Annabi ya ce a rufe kan, a sa ciyawa a ƙafafun. Mai riƙe da tutar Annabi ke nan. Ban ce abin da Turawa ke yi wa nasu wulaƙanci ba ne, girmamawa ce irin tasu. Mu dai a wurinmu igiya da anini a bakin kabari suke tsayawa.

Kuma kada ka zaci sojoji ba su sallame shi ba. Bayan an jera itace, an tura ƙasa, an shafa fatiha, jama'a sun fara watsewa, sai wasu tsofaffi huɗu 'yan mazan jiya suka ja baya suka yi layi. Ɗayansu abokinsa ne na Zuru, Kirista, wanda suka yi Lebanon tare a 1979. Da ƙyar yake tsayuwa. Shi ya ɗaga murya ya ba da oda, suka ƙame, suka sara wa kabarin, hannuwansu na rawa. Ba wanda ya hana su, har liman tsayawa ya yi sai da suka sauke hannu. Mutumin nan ya zauna tare da mu a tabarmar makoki kwana uku cur, ana yi masa gaisuwa kamar ɗan gida.

To, maganar arba'in. Ka san malamai sun saɓa. Mu mun tashi mun tarar ana sadakar uku da bakwai da arba'in, a dama gumba, a toya waina, malamai su sauke Alƙur'ani. Wasu malaman kuma, musamman tun bayan kafuwar Izala a 1978, suna cewa ware waɗannan ranaku ba shi da asali, ta'aziyya kwana uku ce a tashi. A gidanmu akwai masu bin kowane ɓangare, kuma ba zan yarda a yi rigima a kan kabarin Yaya ba. Abin da ba wanda ya yi jayayya a kansa shi ne sadaka da addu'a suna isa ga mamaci ko wace rana aka yi su. Abin da ni ban so ba shi ne irin wanda ka kwatanta, a kama zauren taro, a buga riguna da hotonsa, a yi ta jawabai. Yaya mutum ne da ko bikin 'ya'yansa ba ya zama a kujerar gaba. Kuɗin da za ku kashe a nan, ku haɗa ku gyara rijiyar masallacin unguwa da ta ƙafe tun bara. Shi ne yake biyan mai turo ruwan alwala daga ɗan fanshonsa, ba tare da kowa ya sani ba sai ladan.

Kafin wannan ma akwai abin da ya fi gaggawa. An yi shela a wurin jana'iza cewa duk mai bin sa bashi ya zo, kuma mutum biyu sun zo, mai kantin magani da mai hatsi. Sai an biya su, an zartar da wasiyyarsa in bai wuce sulusi ba, sannan a taɓa gado. Iyayenka mata biyu suna takaba, wata 4 da kwana 10, ba ado, ba turare, ba fita sai da lalura. Tumuni za su raba a tsakaninsu, kuma ka san tumunin gidan tsohon samanja ba wani abin kirki ba ne. Ɗawainiyarsu a kanku take yanzu, su biyun, ba wadda ta haife ka kaɗai ba. Mahaifinka bai taɓa sayo zane ɗaya ba, kullum biyu, iri ɗaya.

Ka ce ba ka san shi sosai ba, don mutum ne mai tsare gida. Haka ne, yana da zafi, ya riƙe gida kamar bariki, wanda ya makara sallar asuba ya san sauran. Amma mutumin nan da albashin saje ya biya mini kuɗin kwalejin horon malamai. 'Ya'ya 11 ya haifa, ya riƙe 14, don ukun marayun wani abokin aikinsa ne da bai dawo daga yaƙi ba, kuma na tabbata har ka girma ba ka san ba ciki ɗaya kuke da su ba. Duk daren Salla shi yake tattara takalmanku ya zauna a tsakar gida da buroshi da Kiwi, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami. Naka ne kullum na ƙarshe a layin. Da ya tsufa, ana sa su tafiya mai nisa su yi layi a rana don tantance 'yan fansho, ban taɓa jin ya zagi ƙasar nan ba, iyakarsa ya ce Allah ya kyauta.

Kaki da lambobi kuwa, a shari'a cikin gado suke, na magada ne duka. Na yi magana da yayyenka, sun yarda kada a raba su. Rigunansa na gida da huluna za a bayar sadaka, amma kaki ba a bayarwa, doka ma ba ta yarda farar hula ya sa shi ba. Za su zauna a akwatinsu. Ajiye su ba laifi ba ne, nuna wa jikoki ma ba laifi ba ne. Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da mazan jiya saboda ranar ce yaƙin ya ƙare a 1970, shi kansa yakan maƙala lambobinsa ya tafi fareti, ya dawo ya yi shiru yini guda. In kuna son ranar da za ku tara yara ku buɗe akwatin ku ba su labarin kakansu, ga ta nan, ku rufe da addu'a gare shi da waɗanda ya binne da takalmansu.

In Allah ya kawo ka, kafin ka zauna karɓar gaisuwa zan raka ka makabarta, na sa alama da dutse a wajen kai. Daga nan ka shirya mu tafi Zuru, don Annabi ya ce yana daga mafificin biyayya mutum ya sada zumunci da abokan mahaifinsa bayan ransa, kuma tsohon nan ya tambaye ka da sunanka. Makullin akwatin yana wurina. Ka kira iyayenka mata yau, ka fara da uwargida.

Baffanka.