Majinyaci ya yi alƙawarin zuwa gashin ƙashi bai zo ba: a caje shi ko a ƙyale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ƙanwata ta karanci aikin gashin ƙashi, sai na kama mata ɗaki biyu a Agege, na saya mata kayan aiki, muka yi yarjejeniyar raba riba. Tana karɓar naira 10,000 a kowane zama na minti 45, tana tsara mutum shida a rana, kwana biyar a mako. Damuwarmu ita ce kusan mutum shida a kowane mako ba sa zuwa, wasu ko waya ba sa bugowa. Na ce ta riƙa cajin su, ta ce kunya take ji, kuma tana tsoron kada ta ci haram tunda ba ta taɓa su ba. Mene ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa wannan zumunci albarka.

Mu fara da lissafin da ka kawo. Zama 30 a mako, shida suna faɗuwa, ɗaya cikin biyar ke nan. Naira 60,000 a mako, 240,000 a makonni huɗu. Abin da take ragewa idan mutum bai zo ba kuwa ɗan kaɗan ne: man shafawa, auduga, wutar da fitilar gashi za ta ci. Kuɗin haya, albashin mai karɓar baƙi da man janareto duk suna nan daram. Kai idan kwastoma ya fasa ɗaukar buhun albasa, buhun yana nan, gobe wani zai ɗauka. Ita kuwa lokaci take sayarwa. Ƙarfe goma na ranar Talata kamar kujera ce a motar Kano da ta tashi daga tasha babu kowa a kanta: ba za a sake sayar da ita ba har abada. Ga kuma wani mara lafiya da aka ce masa babu wuri, alhali wurin ya zauna wayam.

Saboda haka cajin yana da hujja. Sai dai hujjar tana tsayawa ne a kan abu guda, wato an faɗa wa mutum tun ranar farko ya kuma amince. Duk cajin da aka ɓullo da shi bayan mutum ya riga ya saɓa alƙawari, rigima yake jawowa, kuma yawanci majinyacin ɓacewa yake yi don kunyar bashi, a rasa kuɗin a rasa mutumin, shi kuma jinyarsa ta tsaya.

Tsoron haram da take ji abin girmamawa ne, kada ka yi mata faɗa a kai. Imamu Bukhari ya kawo daga Ibnu Sirin cewa wani mutum ya ce wa mai raƙuman haya ya shirya raƙumansa, idan bai tashi tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai tafi ba, sai alƙali Shuraihu ya yanke cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba tilas, to sharaɗin ya hau kansa. A babin ijara kuma, wato hukuncin haya da ɗaukar ma'aikaci a fiƙihu, wanda aka ɗauka aiki na wani ƙayyadadden lokaci, ya zo ya zauna a shirye, ya cancanci ladansa ko da ba a sa shi aikin ba. Inda ake da saɓani shi ne riƙe kafin alƙalami idan mai saye ya fasa: Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, ba ta yarda ba, Hambaliyya ta halatta. Don haka a rubuta takardar da sunan ladan lokacin da aka keɓe wa mutum, sannan ta kai wa malamin da ta amince da shi ya duba. Hankalinta zai kwanta, kuma mai aiwatar da doka da rabin zuciya ba ya iya tsayawa a kanta.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, a sashe na 120, ta ba mutum damar soke alƙawarin da ya yi na wani aiki, ta kuma ba mai aikin damar cajin abin da bai wuce hankali ba. Abin da ake dubawa shi ne irin aikin, tsawon sanarwar da aka bayar, yiwuwar samun wani ya maye gurbin, da al'adar masu sana'ar. Sashen ya hana caji ɗungum idan wanda aka tsara wa zaman ya rasu ko an kwantar da shi a asibiti. A wurin gashi wannan ba abin mamaki ba ne, domin mai shanyewar ɓarin jiki yana iya komawa gadon asibiti kowane lokaci. Wanda ya ga an zalunce shi yana iya kai ƙara FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ko takwararta LASCOPA ta jihar Legas. Tunda magana ta zo nan, ka tabbatar lasisinta na MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, bai ƙare ba, kuma wurin yana da rajistar HEFAMAA, hukumar jihar Legas mai sa ido kan wuraren kiwon lafiya, domin ƙorafin naira 5,000 yana iya tono abin da ya fi shi girma.

Ga tsarin da nake ganin ya dace da farashinta. Wanda ya sanar awa 24 kafin lokaci, ba ya biyan ko sisi, a sauya masa rana. Zaman Litinin a sanar kafin azahar ɗin Asabar, domin sanarwar daren Lahadi ba ta ba da damar neman wani. Wanda ya sanar a ƙasa da awa 24 ya biya rabi, naira 5,000. Wanda bai zo ba kuma bai kira ba ya biya duka. Bambancin nan na rabi da duka yana da amfani ƙwarai: idan cajin ɗaya ne, babu abin da zai sa mutum ya wahalar da kansa da kira, alhali kiran awa uku kafin lokaci yana iya ceto zaman. Idan kuma ta samu wanda ya shiga gurbin ya biya, ta yafe wa na farko. Cin kuɗi biyu a kan awa ɗaya ba adalci ba ne, kuma shi ne abin da mai ƙara zai fara kamawa.

Kowane majinyaci a ba shi uzuri ɗaya kyauta a cikin wata uku, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Wannan yana cire ta daga zaman alƙalanci a kan wane ne ya yi gaskiya wane ne ya yi ƙarya. A jerin uzurin da ba a caji, baya ga rasuwa da kwanciya asibiti, ta ƙara zazzaɓi mai zafi da hauhawar jini, tunda ko an kawo mutum a haka ba za ta sa shi motsa jiki ba, da kuma ranar da ruwa ya ci hanya. Cunkoson motoci kuwa kada ya shiga jerin uzuri. A Legas kullum akwai shi, idan aka karɓe shi dokar ta mutu ranar da aka haife ta. Maganinsa a wajen tsara lokaci yake: mai tasowa daga Alaba Rago ko Ijora kada a ba shi ƙarfe takwas na safe, a ba shi tsakanin sha ɗaya da biyu, a bar safiya ga mutanen Agege da kewaye. Wanda ya makara a yi masa abin da ya rage na lokacinsa, a tashi a kan ƙa'ida, kada a ci na mai bi masa.

Ita ma dokar ta hau kanta. Idan ta soke zama a ƙasa da awa 24, ta rage wa mutumin rabin kuɗin zama na gaba. Wannan layi ɗaya a takarda yana kashe yawancin gardama.

Yanzu batun karɓar kuɗin, inda kunyar take. Kada ta bi kowa bashi. A sayar da zama huɗu a dunƙule, naira 40,000, a biya tun farko ta tiransifa ko POS zuwa asusun wurin. A ba mutum kati mai gida huɗu, kowane zama a sa hannu a gida ɗaya. Wanda bai zo ba bai kira ba, a soke gida ɗaya, a aika masa saƙo ranar. Mai ƙaramin ƙarfi ya ajiye kuɗin zama ɗaya a gaba, ya ci gaba da biyan ɗai-ɗai. Amma Alhaji, kuɗin da aka biya a gaba ba riba ba ne tukuna, amana ce. Kada ku raba shi a ƙarshen wata sai na zaman da aka riga aka yi, domin wanda ya koma Arewa ko ya daina zuwa da sanarwa dole a mayar masa da ragowarsa. A nan ƙananan wurare da yawa suke karyewa: a cinye kuɗin gaba, ranar mayarwa a rasa abin bayarwa.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a karanta ta da baki. Wanda zai sa hannu shi ne mai biya da mai kawo majinyacin. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye ba shi ke kawo kansa ba, ɗansa ne da ke kasuwa ko matarsa, kuma rashin zuwan daga wajensu yake fitowa. Su za a tunatar, da saƙon murya ta WhatsApp ƙarfe goma na safiyar jajibirin ranar, a nemi su amsa. Wanda bai amsa ba zuwa la'asar a kira shi. Kada a tara majinyata a zaure ɗaya na WhatsApp, domin ciwon mutum sirrinsa ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗauki bayanan lafiya da tsanani. Kai ma lissafin kuɗi kawai za ka gani, fayil ɗin marasa lafiya nata ne. A rasit kuma a rubuta gaskiya: kuɗin zaman da ba a zo ba. Rubuta shi a matsayin gashin da aka yi don kamfanin inshora ya biya zamba ce.

Idan gida take zuwa ta tarar ba kowa, kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kan iyalin gaba ɗaya, ƙari a kan na zaman.

Kafin a fara, ta ɗauki wata guda tana rubuta dalilin kowane rashin zuwa. Idan ta ga mutum yana tsallake zama ne don kuɗin mota ya gagara, caji ba zai gyara ba, korar shi zai yi. Irin wannan a rage masa zuwa sau ɗaya a mako, a koya wa mai jinyarsa motsa jikin da za a yi a gida. Gab da azumi da Sallah a tambayi kowa ko zai yi tafiya, a buɗe gurbinsa da wuri. Ta kuma ajiye lambar mutum huɗu ko biyar na kusa da za su iya isowa cikin awa ɗaya idan wuri ya samu.

A sanar da tsofaffin majinyata mako biyu kafin ranar farawa, a yafe duk abin da ya wuce. 'Yan uwa da mutanen garinku su ma su shiga, in ana son yi musu alheri a rage musu farashin zama, amma dokar sanarwa ta zama ɗaya, domin da an ji an ƙyale wane, kowa zai nemi a ƙyale shi. Wanda ya saɓa sau uku a jere a cire shi daga tsayayyen lokaci, ya riƙa kira da safe, idan akwai gurbi a ranar ya zo.