Kun Tambaya, Mun Amsa: Sana'ar Tsamo Iskar Kabon Daga Sarari

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji wai a Kenya akwai kamfanin da ke tace iska da inji, ya binne abin da ya tace, kuma a biya shi da dala. Me yake tacewa, wa ke biya, kuma me zai hana a kafa irinsa a Najeriya? Daga wani ɗalibin injiniya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin da ka ji shi ne Octavia Carbon, wanda aka kafa a Nairobi a 2022. Abin da yake tacewa iskar kabon-dayoksaid ce, wadda ke fita daga ƙona fetur, gas da kwal, ta taru a sama tana ƙara ɗumamar duniya. Fanka ce ke jawo iska ta ratsa wani sinadari da kabon ke manne masa. Idan sinadarin ya ƙoshi sai a rufe akwatin, a zuƙe iskar ciki, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 100, ya saki kabon ɗin a tattara. Daga nan abokin hulɗarsu, kamfanin Cella, ke tura ta cikin baƙin dutsen aman wuta mai suna basalt, inda a hankali take komawa dutse. A Ayislan an gwada wannan, fiye da kashi 95 cikin ɗari ya daskare cikin shekara biyu.

Wahalar ita ce kabon ɗin ba shi da yawa a iska, kashi 0.04 cikin ɗari ne kacal. Kafin ka samu tan ɗaya sai iska ta haura kubik mita miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ta ratsa injin, kuma zafi da lantarkin da za a ci sukan kai kilowat-awa 2,000. Kenya na da tururin ƙarƙashin ƙasa a yankin Olkaria, kusan kashi 90 na lantarkinta daga hanyoyi masu tsafta yake, ga dutsen binnewa a ƙarƙashin ƙafarsu. Idan ka kafa irin wannan inji a Najeriya ka ɗora shi a kan janareton dizal, hayaƙin da za ka fitar zai fi wanda ka kama. An yi ba a yi ba ke nan.

Masu biya kuwa manyan kamfanoni ne irin su Microsoft, Google da Stripe, masu sayen takardar shaidar cewa an cire tan kaza. Tan ɗaya ta wannan hanya yakan kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu.

Tambaya: Muna da injin casar shinkafa, ɓuntu ya taru har ƙona shi muke yi. An ce ana mai da shi gawayi a sayar da shaidar kabon. Yaya ake yi? Daga wata 'yar kasuwa a Kura.

Amsa: Hajiya, gaskiya aka gaya miki, kuma a ganinmu wannan hanyar ce ta fi dacewa da ƙasashenmu. Tsiro yana shan kabon daga iska yayin girma. Idan ya ruɓe ko aka ƙona shi sai kabon ɗin ya koma sama, amma idan aka gasa shi a inda iska ba ta shiga sosai, tsakanin digiri 400 zuwa 700, sai ya zama gawayin da zai daɗe ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa. Kamfanin NetZero yana yin haka da ɓawon kofi a Nkongsamba ta Kamaru, Exomad Green kuma da ragowar katako a Bolibiya.

Ga lissafin. Tan huɗu na busasshen kaya kan ba da wajen tan ɗaya na gawayi. Kowane kilo na kabon da ke cikin gawayin daidai yake da kilo 3.67 na iskar kabon-dayoksaid. Gawayin katako ko ɓawon gyaɗa yana da kabon da yawa, don haka tan ɗayansa yakan tsaya a shaidar tan biyu zuwa biyu da rabi bayan an cire hayaƙin sufuri da na aiki. Na ɓuntun shinkafa toka ta yi masa yawa, kabonsa wajen kashi 40 ne, saboda haka kada ki sa ran fiye da tan ɗaya da 'yan kai. Farashin shaidar yakan kasance tsakanin dala 100 zuwa 200 a kan tan, kuma dillali da mai tantancewa kowa zai ɗauki rabonsa.

Kara da totuwar masara ana iya gasa su a rami mai siffar mazurari: a kunna wuta, a riƙa ƙara kaya kaɗan-kaɗan duk lokacin da farar toka ta fara bayyana a sama, in ya cika a kashe da ruwa. Ɓuntu ba ya son wannan rami, domin ƙanana ne, sai su danne wutar ta koma turnuƙu. Shi sai injin gashi mai juyawa, wanda ke ƙona iskar da ke fita daga kayan ya mai da ita zafin aiki.

Inda aka fi yin asara uku ne. Jiƙaƙƙen kaya, wanda danshinsa ya wuce kashi 15 zuwa 20, yana fitar da farin hayaƙi mai iskar metan, wadda ta ninka kabon illa kusan sau 28, sai ribar ta tafi. Gashin da bai nuna ba kuma zai faɗi a gwajin ɗakin bincike, inda ake son ma'aunin haidirojin bisa kabon ya gaza 0.7. Sai rashin rubutu: masu rajistar shaidar kabon irin su Puro.earth da Isometric suna son nauyin kowane gashi, zafinsa, da gonar da aka zuba shi. Wanda aka sayar wa mai shayi ya hura wuta da shi ba ya cikin lissafi.

Kafin a kai gawayin gona a cakuɗa shi da takin dabbobi, a jiƙa, a bar shi mako biyu zuwa huɗu. Idan aka zuba shi tsura zai tsotse abincin shuka a daminar farko, manomi ya ga masararsa ta yi rawaya ya ce an cuce shi.

Tambaya: Shin da gaske garin dutse ma yana kama kabon? Daga wani manomi a Biu.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, kuma irin dutsen da ake nema shi ne baƙin dutsen da ke tsaunukanku na Biu da na Jos. Ruwan sama na ɗauke da kabon, idan ya haɗu da niƙaƙƙen basalt sai ya narkar da shi, kabon ɗin ya bi ruwa ya sauka ƙasa har teku. Kamfanin Mati Carbon na baza shi kyauta a gonakin shinkafa na ƙananan manoma a Indiya, kuma shi ya ci kyautar gasar cire kabon ta XPRIZE ta dala miliyan 50 a 2025. Sai dai tan uku zuwa biyar na gari ake bukata kafin a cire tan ɗaya, cikin shekaru, don haka idan gona ta yi nisa da wurin fasa dutse, kuɗin tifa da hayaƙinta za su cinye amfanin. Yana son zafi da ruwa mai yawa da ƙasa mai tsami, a busasshiyar jigawa aikinsa na tafiyar hawainiya ne. A kuma gwada dutsen tukuna, domin wani yana ɗauke da ƙarafan nikel da kuromiyam da za su taru a gona.